Tukunyar Tururi da Guntun Katako

"Ni na ce maka ban taɓa ba? Na taɓa! Gyara na yi!"

"Gyara? Malam, wa ya aike ka? Wannan inji ne, ba kujerar tsakar gida ba!"

"Ko jirgin sama ne, in ya karkace ya karkace. Ga ma'auni nan, aza ka gani da idonka."

Kafinta ke nan, mijin 'yar ƙanina, yana kaɗa ma'aunin lebur ɗinsa a fuskar Injiniya kamar zai auna masa hanci. Shi kuwa Injiniya, ɗan siriri mai tabarau da kamfani ya turo ya girka mana injin, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ni ina bakin ƙofa da bokitina, ina matse tsumman da na riga na matse sau uku, don kada wani ya tuna da ni ya ce in ba su wuri.

Bari in koma baya kaɗan, kada ku ruɗe kamar yadda muka ruɗe. 'Yar ƙanin nawa ita ce Sista, ita ke da ɗan asibitin haihuwar da nake aiki. Shekara goma sha ɗaya ni ke shara, ni ke guga, ni ke dafa almakasai da sauran ƙarafa a babbar tukunya bisa risho. Ba mai jegon da ta taɓa kawo ƙarata. Kwatsam masu duba asibitoci suka zo da takardunsu, suka leƙa tukunyata suka yatsine fuska, suka ce ko a sayo injin turara kayan aiki ko su garƙame ɗakin haihuwa. Alhamis za su dawo. Wannan faɗan da kuke ji, Laraba ce da hantsi.

Injin ya iso ran Litinin. Fari ne, kamar ƙaramin firji da aka kwantar, cikinsa rami zagayayye da murfi mai kauri. Maza uku suka ɗauko shi suna nishi, suka aza bisa shuɗin teburin da Kafinta ya ƙera mana shekara biyu da suka wuce. Injiniya ya yini yana murɗe-murɗe, ya kunna, ya yi. Akwai wata 'yar takarda da ake sawa tare da kaya, in tururi ya ratsa ko'ina sai layinta ya koma baƙi. Ta fito baƙi ƙirin. Sista har da rawa.

Talata da safe ta zuba kaya ta kunna. Ana cikin tafiya ya saki ƙara, jar wuta ta kama, ya tsaya. Takarda ta fito fara sol. Ta kira mijinta, ya zo da ma'auninsa, wannan sandar mai ɗan kumfa a cikin koren ruwa. Ya aza a kan injin, kumfa ya gudu gefe. Ya ce, "Ka ji masu boko, ko lebur ba su iya ba." Ya sa sifana ya murɗa ƙafafun injin har kumfa ya zauna tsakiya daram. Aka kunna, ya sake ihu. Da Sista ta buɗe murfin, ruwa ya kwararo mata a takalmi.

To, nan muka tsaya.

Sista ta faɗo ɗakin da safar roba a hannu, daga wajen wata mai naƙuda ta fito.

"Ana jin ku har gado na uku. Matar mutane tana nishi, kuna ihu, ta rasa wanda za ta saurara."

"Ki tambayi maigidanki," in ji Injiniya. "Ya kwance mini aikin yini guda."

"Ya kwance, na sani, zan zo kansa. Amma kafin ya taɓa, injin ya riga ya yi ihu. Litinin lafiya, Talata ciwo. Wani ya shigo tsakani." Ta zare safar ɗaya, fat. "Mu nawa ke da makullin ɗakin nan?"

Na duba bayana ko akwai wani. Bango ne.

"Goggo."

"Na'am, 'yar nan."

"Ba ke kika ce wa matan da ke zama a bencin ƙofa injin nan zai fashe ya tafi da rufin asibiti ba?"

"Cewa na yi an ce yana fashewa. An ce."

"Ba ke kika ce wa matar direba tukunyarki ba ta taɓa neman ruwan batir irin na injin nan ba?"

"Ai gaskiya ce, ba ta taɓa nema ba."

"Goggo, ke yayar mahaifina ce, ba zan ɗaga miki murya ba. Amma gobe in mutanen nan suka zo takarda ta fito fara, sun rufe ni. In na gano ke kika taɓa abin nan don kishin tukunya, wallahi yau za ki ajiye mini makulli ki koma gida ki huta."

Hutu! Ku ji fa. In koma gida in zauna da wa, da kaji? Bencin ƙofar asibitin nan shi ne rediyona. A nan nake sanin cikin wa ya kai wata nawa, wa mijinta ya rako ta, wa ta zo ita kaɗai da kumburarren ido tana cewa ƙofa ce ta buge ta. A raba ni da bencin nan ai gara a cire mini sauran haƙoran.

Na rantse mata da zuciya ɗaya. Ban taɓa injin ba. Ko ƙurar kansa ban goge ba, tsoronsa nake ji.

"Za mu gani," in ji ta, ta harɗe hannu ta jingina da bango.

Injiniya ya cire tabarau ya goge, ya ce kowa ya matso ya yi bayani sau ɗaya, ba zai maimaita ba. Wai injin yana ɗibar ruwa ya zuba a cikin raminsa, ya dafa ya zama tururi. Dole ruwan ya kwanta inda aka shirya masa. In ya taru gefe guda, wani gefen ya ƙone a bushe, sai injin ya yi ihu. In ya gangaro gaba, ya zube a baki.

"Shi ya sa na daidaita shi," in ji Kafinta.

"Ba a so ya daidaita."

"Ka ji ko! Ba yanzu ka ce kada ya taru gefe ba?"

"Ana so ya daidaita, amma ya ɗan karkata."

Na ce, "Ɗan nan, tsaya. Lebur ake so ko karkata?"

"Duka biyun, Mama."

"To ni dai aji uku na yi aka cire ni, amma ko a aji uku ba a ce mana mutum yana tsaye yana zaune ba."

"Daga hagu zuwa dama, lebur. Daga gaba zuwa baya, gaba ya ɗan fi tsawo."

"Hagunka ko hagun injin?" in ji Kafinta.

Injiniya ya mayar da tabarau. Ya juya ya ba injin baya, ya kalli hannuwansa, ya sake juyowa. Sista ta ce, "Innalillahi."

"Ku bar maganar hagu," in ji Injiniya. "Ruwa ne alƙali. Ba a auna wannan da sanda, da ruwa ake aunawa."

Ya nuna mana wata 'yar tsaga a ƙasan ramin, kusa da baki. Ya ce za a auna ruwa a kofi, a zuba, a yi ta murɗa ƙafafun gaba har bakin ruwan ya taɓa tsagar, kada ya gaza, kada ya wuce. Kuma Allah ya taimake shi, ran Litinin ya ɗiga jan fenti a kan kowace ƙafa daidai inda ya tsaya. Ya durƙusa da sifana, ya mayar da kowacce kan jan fentinta, yana yi yana harar Kafinta. Ya ɗauko kofinsa mai layi-layi, ya cika da ruwan batir har inda yake so, ya ɗaga sama ya kanne ido ɗaya, ya zuba.

Mu huɗu muka cusa kai a bakin rami kamar masu leƙen rijiya.

Ruwan ya yi ɗan jim, sai ya lallaɓa ya tafi can ƙurya ta baya, gefen taga, ya kwanta abinsa. Tsakaninsa da tsaga ya kai faɗin yatsa uku.

"Ba haka ya yi ran Litinin ba," in ji Injiniya.

Ya tsane ruwan da soso, ya sake aunawa, ya sake zubawa. Ƙurya. Ya duba jan fenti, yana nan. Ya duba kofi ko ya tsage. Ya ɗauko littafin injin ya buɗe, ya juya shi, ya koma farko. Na uku ma ƙurya.

"Ƙasan ɗakin nan ya motsa," in ji shi a hankali.

"A kwana biyu?" in ji Sista.

"To teburin ne."

Kafinta ya yi tsalle kamar an taka masa wutsiya. "Kul! Ka zagi injinka, kada ka zagi teburina. Shekara ashirin ina sana'ar nan. Ƙafa huɗu, awo ɗaya, zarto ɗaya. In aka sami aibi a teburin nan, in ajiye guduma in koma sayar da ruwa!"

Teburin kuwa ba a ganin ƙafafunsa, don Sista ta lulluɓe shi da farar leda har ƙasa, wai ya fi kyan gani.

Ni duk kaina ya ɗaure. Na ja baya in jingina da ƙofa in huta, sai diddigena ya taɓa wani abu. Na duba. Guntun katakon da nake tokare ƙofa da shi ne.

Jama'a, nan na tuna.

Ƙofar ɗakin nan ta ƙarfe ce, mai nauyi, ba ta zama a buɗe sai an tokare ta. Kullum da safe in na goge ƙasa, nakan sunkuya in zaro wannan guntun katako daga ƙarƙashin ƙafar tebur ta baya, gefen taga, in tokare ƙofa iska ta shigo ƙasa ta bushe. In ta bushe in mayar. Shekara biyu ina haka, auduga da faranti ba su taɓa yin ihu ba. Ran Talata na ja, ya ƙi fitowa saboda nauyin injin. Na sa sandar tsintsiya na buge shi ya fito. Na ji tebur ya yi ɗan nishi, na ce gajiya ce. Da na zo mayarwa ya ƙi shiga, ni kuma ba zan iya ɗaga abin da sai da maza uku suka ɗauka ba. Na bar shi a ƙofa, matar direba ta iso da wani labari mai zafi, na manta.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ji kamar kowa ni yake kallo, alhali duk sun ba ni baya, suna gardamar ko a kira kamfani a ce injin ya zo da aljani.

Na yi tunani irin na tsofaffi. Na zare silifas ɗina ɗaya na cusa a ƙarƙashin ƙofa, na zaro katakon na dunƙule cikin tsumma. Sannan na ɗauki bokiti na nufi wajensu, na yi tuntuɓe da ba kowa, na tuntsurar da shi.

"Wayyo ƙafata!"

Ruwa ya malale ya shige ƙarƙashin leda.

"Goggo!"

"Waya! Akwai wayar wuta a baya!" in ji Injiniya, ya yi wuf ya zare ta daga bango.

"Ku ɗan ɗaga mini gefen nan in tsane, 'ya'yan nan, kada wuta ta ja wani. Gefen taga. Kaɗan dai."

Injiniya ya rungume injin kamar jariri, Kafinta ya kama kusurwar tebur ta baya ya ɗaga yana nishi. Na rarrafa na shige ƙarƙashin leda da gwiwoyin nan nawa masu ƙara. Na lalubo ƙafar, na tura katako, ya shige cif kamar gidansa. Ina ɗago kai, ta tsakanin leda da bango, sai ido huɗu da Kafinta.

Ya ga katakon. Ya ga na ga ya gani.

"Sauke," na ce.

Ya sauke. Na fito ina goge hannu. Sai muka ji Injiniya ya ce, "Kai!"

Ruwan da ya bari a cikin rami ya baro ƙurya. Ya shimfiɗe sumul, bakinsa ya zo ya taɓa tsaga, bai gaza ba bai wuce ba.

"Me ka yi?" in ji Sista.

"Ban yi komai ba."

"To me ya gyara shi?"

"Ban sani ba."

"Ka san abin da ya ɓata shi?"

"Shi ma ban sani ba."

"To gobe in ya sake ɓacewa a gaban mutanen nan, in ce musu me? Su jira Goggo ta zubar da bokiti?"

Na ce, "Ni dai na ce a gode wa Allah a rufe maganar. Abin da ya gyaru ba a tona shi."

"Haka ne," in ji Kafinta da sauri. "Goggo ta yi gaskiya." Tun da ya auri yarinyar nan bai taɓa cewa na yi gaskiya ba. Sista ta dube shi, ta dube ni.

Shi kuwa Injiniya irin yaran nan ne da ba sa barin ƙaiƙayi. Ya durƙusa, ya yaye leda, ya haska da wayarsa. Ƙafa ɗaya, ƙafa biyu, ƙafa uku.

"Wannan fa?"

Can ɗakin haihuwa ana kiran Sista, ba ta ko motsa ba.

Da Kafinta ya yi shiru, wallahi da na rufa masa asiri, in ce tayil ne ya lotsa. Amma sai ya gyara murya ya ce, "Ni ban san shi ba. Yanzu na ga Goggo ta cusa shi. Wa ya san abin da take ta cusawa tana zarewa a ƙarƙashin nan tun Litinin?"

Sista ta juyo gaba ɗaya. Ta miƙo tafin hannu. "Makulli, Goggo."

To. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Na ce, "Zan ba ki, 'yar nan, ga shi a bakin zanena. Na zare katakon ran Talata, ban musa ba, ƙofa na tokare da shi kamar kullum, ya ƙi komawa. Wannan laifina ne. Amma Injiniya, don Allah haska da kyau. Wane launi ne katakon?"

"Shuɗi ne gefe ɗaya."

"Teburin fa?"

"Shuɗi."

"Faɗinsa da faɗin ƙafar?"

Ya shafa da yatsa. "Ɗaya ne. Kamar daga jikinta aka yanke shi."

"Daga jikinta aka yanke shi. Ranar da aka kawo teburin nan kina ɗakin haihuwa wajen 'yan biyun matar tela. Malam Kafinta ya ga yana rawa, ya ce ƙafar nan ta yi tsawo, ya sa zarto a nan tsakar ɗakin. Ashe ba ita ce mai tsawon ba. Ya tsaya yana kallon guntun a hannunsa kamar wanda ya yanke yatsansa. Sannan ya mayar da shi ƙarƙashi, ya ce, Goggo, ki rufa mini asiri, gobe-goben nan zan zo in sauya ƙafar. Na ce Allah ya kai mu. Shekara biyu ke nan goben ba ta waye ba. Ni kuwa da ake cewa bakina ba ya riƙe magana, ko matar direba ban faɗa wa ba."

"Ƙafa huɗu, awo ɗaya," in ji Injiniya a hankali, yana kallon silin.

Sista ta janye hannunta. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi.

"Kana tsaye," ta ce da mijinta, "ka san ƙafar guntuwa ce. Ka bar bawan Allahn nan yana ta zuba ruwa yana tsanewa kamar mahaukaci. Ka bar ni ina karɓar makulli a hannun yayar ubana."

"Ai na manta da shi ne, sai da na gani..."

"Da ka gani fa?"

Ya shiga shafa ma'auninsa.

"Ɗauko guduma. Yanzu, a gabana, ka kafe shi."

Haka ya durƙusa cikin ruwan bokitina, wandonsa ya jiƙe, ya kafa ƙusa uku, Injiniya na rungume da injin yana cewa, "A hankali, Malam, a hankali!" Aka tsane ruwa, aka sake aunawa, aka zuba, ya taɓa tsaga. Aka sa kaya da 'yar takarda, aka rufe, aka kunna. Muka zauna, injin yana huci. Ni dai ina ta addu'a a zuci, rabi don asibiti, rabi don benci. Da ya gama ya huce, Sista ta zaro takarda da ɗan ƙarfe ta ɗaga sama. Baƙi ƙirin.

"Goggo, riƙe makullinki," in ji ta. "Amma daga yau tsummanki ya tsaya taku ɗaya daga teburin nan. Kuma in na sake jin an ce injina zai tafi da rufi..."

"Wa zai ce? Inji mai albarka irin wannan?"

Kafinta ya tattara gudumarsa da ma'auninsa ya cusa a jaka, bai kalli kowa ba. Ya kai bakin ƙofa, sai na tuna ƙafata ɗaya ba takalmi.

Na ce, "Malam, tsaya in ɗauki silifas ɗina. Af, ga shi kuma ka kafe mini abin tokare ƙofa. In ka je shago ka yanko mini wani, don Allah. Amma ba gaggawa, ko gobe ma ya yi."

Injiniya ya tuntsire da dariya har tabarau ya zame. Sista ta juya ta kalli bango, kafaɗunta na rawa.

Kafinta ya sa ƙafa ya shure silifas ɗin ya shigo tsakar ɗaki, ya fice, ya finciko ƙofar ƙarfen nan da hannu biyu, garam!